Kunyar Neman Haƙƙina Tana Neman Rufe Mini Shago

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, muna zaune a wani gari a kudancin jihar Kaduna. Shekara 6 ke nan da na buɗe shagon ɗinki, daga baya na ƙara da sayar da atamfa da leshi, waɗanda nake sarowa a Kantin Kwari da ke Kano, wurin wani Alhaji da ya yarda da ni har yakan ba ni kaya in biya daga baya. Ina da 'yan mata uku masu koyon aiki. Yawancin masu kawo mini ɗinki matan ikkilisiyarmu ne, kuma a nan matsalata take. Sukan ɗauki kaya su ce sai ƙarshen wata, watan ya ƙare wani ya kama, in mun haɗu a sujada mu gaisa kamar ba komai, ni kuwa bakina ya yi nauyi. Ɗinkin Kirsimetin da ya wuce, har yau fiye da rabi ba su biya ba, ga Alhaji ya fara kira. Da na yi ƙarfin hali na tuna wa wata, sai ta ce mini, "Ashe har da ni, 'yar'uwa? Bashi ai hanji ne." Bayan haka wata babba a Zumuntar Mata ta faɗa a gaban jama'a cewa tun da na buɗe shago na rage zuwa zumunta, son abin duniya ya shige ni. Maganar ta tsaya mini a rai, domin gaskiya ne addu'ata ta yi sanyi, in na buɗe Littafi Mai Tsarki lissafin bashi ne kawai yake yawo a kaina. Maigidana malamin makaranta ne, ya ce ba ni da zuciyar kasuwanci, gara in rufe in huta. Yanzu ko faɗin kuɗin ɗinki tsoro nake ji, mai kaya na yin shiru sai in rage da kaina. Shin Allah ne yake nuna mini cewa wannan hanyar ba tawa ba ce, ko kuwa ni ce ban isa ba?

'Yata, na karɓi gaisuwarki, Ubangiji ya ba ki salama, ya sanyaya miki zuciya. Tambayoyinki biyu ne, kuma wasiƙarki da kanta ta amsa ta biyun kafin in ce komai. Macen da ba ta isa ba ba ta riƙe shago shekara 6, iyaye uku ba sa damƙa mata 'ya'yansu mata su ce ta koya musu sana'a, kuma ɗan kasuwar Kwari, wanda kullum yake ganin fuskoki iri-iri daga ko'ina cikin Arewa har da ƙasashen maƙwabta, ba ya ɗora wa baƙuwa kaya ya ce ta tafi ta biya daga baya sai ya gwada ta ya ga tana da amana. Hannunki ya iya aiki, mutane sun shaida. Abin da ya gagare ki guda ɗaya ne, wato buɗe baki ki nemi haƙƙinki, kuma ina ganin abin da ya ɗaure bakin naki wani tunani ne da ya zauna miki a zuciya ba ki taɓa bincika shi ba, cewa Kirista ta gari ba ta bin 'yar'uwarta bashi, kuma duk sa'ar da kika yi a kan keken ɗinki kin rage ta ne daga rabon Allah. Wannan tunanin ne ya cinye miki gaba gaɗi, shi ne kuma ya sanyaya miki addu'a, domin wadda take ganin kanta mai laifi ba ta iya ɗaga kai gaban mai saye, ba ta kuma jin daɗin durƙusawa gaban Ubangiji.

Game da tambayarki ta fari, kada ki ɗauki ƙuncin kasuwa a matsayin hukunci daga sama. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, darajar naira kuma ta faɗi bayan haka, kuɗin mota daga Kano ya tashi, man janareta ya tashi, yadin da yawancinsa daga waje ake shigo da shi ya tashi, albashin masu kawo miki ɗinki kuwa bai bi sahu ba. Wannan ya shafi Musulmi da Kirista, mai yawan addu'a da mai ƙarancinta. Sa'ad da almajirai suka ga makaho tun haihuwa suka tambayi Yesu ko zunubin wane ne ya jawo, nasa ko na iyayensa, ya amsa musu a Yohanna sura 9 cewa ba na ko ɗayansu ba ne. Ba kowace wahala ce take ɗauke da saƙon tsautawa ba.

Ki kuma duba yadda Littafin da kike jin nauyin buɗewa yake maganar mata masu sana'a. A Ayyukan Manzanni sura 16, mutum na farko da aka ambata ya ba da gaskiya a Filibi mace ce 'yar kasuwa, Lidiya mutuniyar Tayatira, mai sayar da tufafin shunayya, wato kaya masu tsada na manyan mutane. Kusan sana'arku ɗaya. Ba a ce ta rufe kasuwancinta bayan an yi mata baftisma ba. Abin da aka faɗa shi ne ta sauki Bulus da abokan tafiyarsa a gidanta, kuma da aka saki Bulus da Sila daga kurkuku can suka nufa suka ga 'yan'uwa. Gidan da zai iya ɗaukar baƙi haka, ciniki ne ya gina shi. Macen kirki ta Karin Magana sura 31, wadda ake yawan karanta mana a ranar mata da wurin ɗaurin aure, takan duba gona ta saya, takan yi tufafi ta sayar wa 'yan kasuwa, kuma aya ta 18 ta ce takan lura cewa cinikinta yana da riba. Sau da yawa masu wa'azi sukan tsaya a kan tashinta da asuba da hidimarta ga iyali su tsallake wannan ayar, alhali macen da ta san cinikinta yana da riba mace ce mai yin lissafi. Aya ta 20 kuma ta ce tana miƙa hannu ga matalauta. Lissafin ne ya ba ta abin miƙawa.

Na san ayar da take damunki ko da ba ki ambace ta ba, wato faɗar Yesu a Luka sura 6 cewa mu ba da rance ba tare da sa ran a mayar mana ba. Maganar Ubangiji ce, ba zan rage mata nauyi ba. Amma ki lura, ana maganar abin da mutum ya bayar ne da saninsa, da yardarsa, daga cikin abin da yake nasa. Tabita ta garin Yafa, wadda ake kira Dokas, ta ɗinka wa gwauraye riguna, har da ta rasu suka tsaya suna kuka suna nuna wa Bitrus tufafin da ta yi. Ita ta zaɓi yin wannan alheri. Abin da yake faruwa a shagonki daban ne: ana karɓar kaya da sunan saye, a riƙe kuɗin da sunan zumunci, ke kuma ki koma gida kina cizon yatsa. Bulus ya ce a 2 Korintiyawa 9:7 kowa ya bayar yadda ya yi niyya a zuciyarsa, ba da ɓacin rai ko tilas ba. Bayarwar da take hana ki barci ba irin wannan ba ce. Ga kuma abin da nake so ki ɗauka da muhimmanci ƙwarai: atamfar da ta fita daga shagonki ba a biya ba, wani ɓangarenta ba taki ba ce, ta Alhaji ce. Duk lokacin da kunya ta hana ki tambaya, da dukiyar mutumin da ya amince da ke kike yin kara. Shi kuwa mai yiwuwa ne abin da ya sani game da Kiristoci na kusa shi ne abin da ya gani a wurinki, saboda haka biyansa a kan lokaci yana cikin shaidarki kamar yadda zuwa sujada yake.

Don haka da shi za ki fara. Kada ki jira kiransa na gaba, kuma kada ki bar wayarsa tana ƙara kina kallo. Ki kira shi da kanki, ki gaishe shi yadda ya kamata, ki gaya masa gaskiyar abin da ya riƙe kuɗin, ki faɗi nawa za ki iya turawa a wannan makon da kuma ranar da za ki ƙara, sannan ki cika ko da kaɗan ne. 'Yan kasuwa sun saba da jinkiri, ɓuya ce ba sa yafewa. Kada ki ƙara ɗaukar kaya a wurinsa sai kin sauke wannan nauyi. Sa'ad da gwauruwar nan ta 2 Sarakuna sura 4 ta ga tulunanta sun cika da mai, umarnin da Elisha ya ba ta shi ne ta je ta sayar, ta biya bashinta, ita da 'ya'yanta su ci abin da ya rage. Biyan bashin ne ya zo gaba.

Sai kuma masu riƙe da kuɗinki. Ki sayi sabon littafi, ki zauna wata rana da yamma bayan yara sun tashi, ki rubuta sunan kowace, abin da ta ɗauka, ranar da ta ɗauka da abin da ya rage. Za ki ga ba halinsu ɗaya ba. Akwai waɗanda kin san da gaske ba su da shi, kamar gwauruwar da take fama da kuɗin makarantar marayu, ko wadda mijinta yake kwance. Waɗannan ki duba abin da za ki iya ɗauka ba tare da kin taɓa kuɗin Alhaji ba, ki je ki same su ki ce, "Mama, ɗinkin nan na bar miki saboda Allah, kada ki ƙara tunaninsa." Da kin faɗa da bakinki kin soke a littafi, ya zama kyauta, ke kin huta ita ma ta daina sunkuyar da kai in ta hango ki. Akwai kuma masu yawa da ba mugunta ce ta hana su ba, shirun da kika yi ne ya sa suka ɗauka ba ki matsu ba, suka biya mai shinkafa da mai gawayi da suka fi ki baki. Waɗannan tuni kawai suke buƙata. Sauran, waɗanda ba su da yawa, su ne masu hali da suka mai da sunan 'yar'uwa abin fakewa.

Yadda za ki tuna musu yana da muhimmanci kamar tunin kansa. Kada ki yi a ƙofar majami'a bayan an tashi sujada, kada ki yi a zauren WhatsApp na zumunta, kada kuma ki aika yarinyar shago wurin wadda ta girme ki. Ubangiji ya koya mana a Matiyu 18:15 cewa in akwai magana tsakaninka da ɗan'uwanka, ka same shi ku biyu kaɗai. Ki je gida ko ki kira, ki gaisa, ki tambayi yara, sannan ki faɗi maganarki a taƙaice ba tare da dogon ban haƙuri ba: "Yaya, na zo ne kan ragowar kuɗin leshin nan, naira dubu goma sha biyu. Mai kayan yana jirana. Yaushe zan sa rai?" Daga nan ki yi shiru ki bar ta ta amsa. Idan ta ce ba ta da shi duka, ki karɓi rabi ku sa ranar sauran, ki rubuta a gabanta. Ita kuwa wadda ta ce miki bashi hanji ne, ki yi murmushi ki ce, "Gaskiya ne, Yaya, ni ma ga shi a cikina, shi ya sa na zo." Idan kin je sau biyu ko uku ba ta motsa ba, nassin nan ya ba ki izinin tafiya da mutum ɗaya ko biyu, sai ki nemi dattijuwa mai riƙe asiri ta raka ki. Kada jin nauyi ya kama ki a kan wannan, domin Yaƙub 5:4 ya ce ladan ma'aikatan da aka danne yana kuka har kukan ya kai kunnen Ubangiji, kuma daren da kika raba kina taka keke kafin Kirsimeti aiki ne mai lada. Tuna wa 'yar'uwa ta sauke haƙƙin da yake wuyanta taimako ne gare ta ita ma.

Daga yanzu kuma ki kafa ƙa'ida ɗaya ga kowa, har da matar fasto da ƙanwar maigidanki, domin ƙa'idar da ta tsallake wasu ita ce take jawo gaba. Yadi ba ya fita sai da kuɗi. Ɗinki kuwa a ba da kafin alƙalami, rabi ko abin da zai ishe ki sayen kayan aiki, a cika sauran ranar karɓa kafin kaya su bar shago. In ankon biki ne ko ɗinkin ƙungiya, ki yi magana da mutum ɗaya wadda za ta tattara kuɗin, a rubuta adadi da rana. Ki rubuta ƙa'idar a allo ki rataye inda kowa zai gani, don allon ya riƙa faɗin abin da yake yi wa bakinki nauyi. Wasu za su yi fushi, wata ma za ta ɗauke ɗinkinta ta kai wani wuri. Ki bar ta ta tafi da fatan alheri. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Tsoron faɗin farashi kuwa, mafi yawansa daga rashin sanin ainihin abin da aikin ya ci miki yake fitowa. Ki ɗauki riga da zane ɗaya ki lissafa zare, shafi, zif, maɓalli, man janareta ko kuɗin wuta, rabon kuɗin hayar shago, abin da kike ba yara na abinci da mota, sannan ki sa wa awannin da kika yi a kai kuɗi, domin lokacinki ba kyauta ba ne. Ranar da kika san cewa ƙasa da kaza faɗuwa ce, muryarki za ta daina rawa ba tare da kowa ya koya miki jarumta ba. In kin faɗi kuɗi mai kaya ta yi shiru, ke ma ki yi shiru ki ci gaba da naɗe awonki. Shirunta ciniki ne, haka ake yi a kowace kasuwa, kuma ke ma kina yi wa Alhaji in kin je Kwari. In za ki yi ragi, ki bari sai ta nema, ki kuma san iyakar da ba za ki sauka ƙasa da ita ba tun kafin ta shigo.

Babbar da ta yi miki magana a zumunta ta yi kuskure wajen faɗa a gaban jama'a, ta kuma yi kuskure da ta kira neman halali son abin duniya, domin abin da 1 Timoti 6:10 ya kira tushen mugunta shi ne ƙaunar kuɗi, ke kuwa da ƙaunar kuɗi ce take damunki da ba ki bar naki a hannun mutane ba. Duk da haka kada zafin maganar ya hana ki ɗaukar gaskiyar da take ciki: kin rage zuwa, kuma ina zargin ba aiki kaɗai ya hana ki ba, har da nauyin zama a benci ɗaya da masu riƙe da kuɗinki, kuna rera waƙa ɗaya zuciyarki tana tafasa. Ki je ki gaishe ta a gida, ki gode mata da ta lura da rashinki, ki gaya mata cikin ladabi cewa maganar ta yi miki ciwo, da ta kira ki gefe da ya fi. Ba sai kin ambaci sunan kowa ba. Sannan ki ware yammacin ranar zumunta, ki bar babbar yarinyarki ta riƙe shago ko ki rufe na awa biyu. Masu ɗinki za su saba da ranar kamar yadda suka saba da Lahadi.

Addu'arki kuma, kada ki jira sai kanki ya wofinta daga lissafi kafin ki yi ta, domin wannan ranar ba za ta zo ba. Tun da bashin ne yake biyo ki wurin addu'a, ki shigo da shi. Ki buɗe littafin nan a gaban Ubangiji da safe kafin ki ɗaga ƙofar shago, ki ambaci sunayen ɗaya bayan ɗaya, ki roƙa wa kowace buɗi, ki roƙa wa kanki baki mai taushi da zuciya mai ƙarfi. Yana da wuya ki ci gaba da ƙullatar wadda kike ambaton sunanta kowace safiya. Karin Magana yana da sura 31, sai ki riƙa karanta surar da ta yi daidai da kwanan wata. Za ki tarar da maganar ma'auni na gaskiya, da lamuni, da ƙwazo, da riƙon harshe, abubuwan da za ki yi aiki da su kafin rana ta take. In 'yan matan shagonki masu bi ne, ku yi ta tare na minti goma. Sa'ad da Yesu ya yi wa Marta magana a Luka sura 10, damuwarta da ɗawainiyar zuciyarta a kan abubuwa da yawa ya ambata, kuma abin da ya yaba wa Maryamu shi ne zama ta saurara. Wannan zaman yana yiwuwa a kan kujerar shago kamar yadda yake yiwuwa a majami'a. Ki kuma nemi mace ɗaya mai tsoron Allah wadda ta daɗe a kasuwanci, ko daga wata ikkilisiya ce, ku riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata kuna addu'a kuna duba littafin ciniki tare. Batun zakka, ra'ayina shi ne daga riba ake fitarwa ba daga uwar kuɗi ba, balle kayan da ba ki gama biya ba, amma ki tattauna da fastonku don zuciyarki ta kwanta.

Maigidanki bai faɗi abin da ya faɗa don raini ba, a ganina. Mutum ne da yake kallon matarsa tana raba dare tana aiki, tana ramewa, kuɗi kuma ba ya shigowa, sai ya ba da maganin da ya fi kusa da hannunsa. Gardama ba za ta sauya masa ra'ayi ba, amma malamin makaranta yana girmama abin da aka rubuta. Ki nuna masa littafin, da abin da kike bi, da abin da ake binki, da sabuwar ƙa'idar, ki roƙe shi ya ba ki wata shida yana duba lissafin tare da ke a ƙarshen kowane wata. Ki raba kuɗin shago da na cefane, ki buɗe wa shago asusunsa daban, ki yanka wa kanki albashi ko yaya ƙanƙantarsa. In ya ga tsari, mai yiwuwa ne ya zama shi ne mai tsaya miki a gaban dangin da za su yi ƙorafi.

Idan wata shidan ta cika lissafi ya nuna sayar da yadi ne yake janyo ki ƙasa, ba dole ba ne ki zaɓi tsakanin riƙe komai da rufe komai. Kina iya ajiye sarin atamfa na ɗan lokaci ki tsaya a kan ɗinki, wanda jarinsa hannunki ne da kekenki, ko ki riƙa saro yadi sai wanda aka riga aka biya kuɗinsa. Kina iya neman ɗinkin kayan makaranta, inda ake yarjejeniya da hukumar makaranta a rubuce, kuma a nan yin rajistar sunan kasuwanci da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, zai taimake ki. Kada dai ki ci sabon bashi mai ruwa don ki toshe tsohon, kada kuma ki shiga adashin da zubinsa ya fi ƙarfin abin da shago yake kawowa a mako. In kuma bayan duk wannan kika ga rashin barci, da rashin son abinci, da kuka ba dalili sun ƙi barinki har makonni, ki je asibiti ki gaya wa likita, domin wannan ba ƙarancin bangaskiya ba ne kuma yana da magani. A wannan makon dai abu biyu nake so ki yi, ki kira Alhaji, ki kuma rubuta sunayen nan. In kin ziyarci mutum uku na farko, ki rubuto mini in ji yadda kuka yi. Ki gaishe mini da maigida da yara.